Injunan Mashgal ɗin Suwaidi

Ranar da Musbahu zai bar Riyad, Nu'uman ne ya zo da sikeli. Ɗan sikelin hannu ne mai ƙugiya, wanda ake rataya wa jaka a ɗaga. Ya tsaya a tsakiyar falon gidan a unguwar Manfuha, ya nannaɗe hannun jallabiyarsa, yana ɗaga jakunkuna ɗaya bayan ɗaya yana girgiza kai kamar likitan da ya ga abin da bai so ba.

"Wannan ta yi nauyi, Yaya Musbahu. Jirgi ba zai ɗauka ba. A rage."

Aka rage. Aka fitar da tukwanen Turai, matar Musbahu, da darduma, da agogon bango. A ƙarshe aka zo kan wani koren akwatin ƙarfe na kayan aiki, wanda Musbahu ya taho da shi tun daga masaƙar da ya yi aiki a Kakuri ta Kaduna, kafin ma a haifi 'yarsa. Shi wannan Nu'uman bai ko rataya shi a sikelin ba.

"Wannan kam ku bar shi," in ji shi. "Zan ajiye muku."

Rufaida, 'yar Musbahu ɗaya tilo, tana tsaye a ƙofar kicin. Ita ba ta cikin masu tafiya, domin iƙamarta, wato takardar zamanta a ƙasar, ta koma kan mijinta Ghali, direban wani kamfani, tun da suka yi aure. Tana kallo mahaifinta ya dubi akwatin, ya dubi Nu'uman, ya ce, "To, na gode." Kowa a falon nan ya san Nu'uman ne sanadin tafiyar. Amma aka zuba masa shayi, ya sha, har ya nemi ƙari.

Musbahu ya yi fiye da shekara ashirin yana sayar da injuna a shagon wani Balarabe, Abu Zaid, a Murabba. Abu Zaid shi ne kafilinsa, da sunansa ake komai. Da Musbahu ya zo, kekunan ɗinki kaɗai ake sayarwa. Shi ya kawo maganar injin surfani na kwamfuta, mai kawuna da yawa, wanda yake zana ado a kan abaya da kansa in an nuna masa zanen. Shi ya buɗe ɗan wurin ƙira a Sina'iyya, unguwar masana'antu, inda ake haɗa teburan injuna da wani faffaɗan firam na ƙarfe da ya ƙirƙira da kansa, wanda yake riƙe bayan abaya gaba ɗaya ba sai an yi ta kwancewa ana ɗaurawa ba. Kuma da masaƙar Kakuri ta rufe, shi ya nema wa abokinsa Nu'uman biza, ya kwantar da shi a falonsa har ya samu ɗaki.

Musbahu yana da wata ɗabi'a da ya zo da ita daga gida. Ba ya sayar da inji bai ba da gyara ba, gyara irin na kasuwa, wanda mai tumatir yake ƙara maka bayan an gama ciniki. Gyaransa iri biyu ne. Na farko firam ɗin nan, kyauta yake bayarwa. Na biyu kuma Rufaida ce. Yawancin masu sayen injin surfani mata ne masu mashgal, wato gidajen ɗinki na mata zalla, waɗanda namiji ba ya tsallaka ƙofarsu. Maza suna iya shiga su kafa inji in an kwashe matan, amma koyarwa sai an zauna kusa da mutum kwana da kwanaki. Don haka tun Rufaida tana sakandare mahaifinta yake sauke ta a ƙofa, ta shiga ta zauna da ma'aikatan har sai kowacce ta iya ɗaura firam, ta zura zare, ta gane kukan da inji yake yi in allura ta kusa karyewa.

Nu'uman ya je ya gaya wa Abu Zaid cewa firam yana fita daga Sina'iyya ba rasit, Musbahu yana sayarwa ta bayan fage, da ƙarfen Abu Zaid. Abu Zaid bai san gyara ba, a garinsu ba a yi. Ya ba Musbahu takardar fita ta ƙarshe, wadda ake ce wa kuruj niha'i, ya ɗora Nu'uman a kujerarsa. Wannan a shekarar 2014 ke nan.

Tun daga makon da iyayenta suka tafi, Rufaida ta sa wa ranta abu ɗaya: sai Nu'uman ya bar ƙasar nan ta ƙofar da mahaifinta ya fita. Ba ta gaya wa kowa ba. Abin da mutane suka gani shi ne duk Juma'a tana yin waina da miyar taushe ta zuba a kula, Ghali ya kai gidan Nu'uman.

"Ni fa ban gane ba," in ji Ghali wata Juma'a, yana neman makullin mota. "Mutumin da ya kori surukina, ni ne kuma ɗan aiken kai masa waina. Ko wani abu kike barbaɗa masa kaɗan-kaɗan? Ki faɗa min in daina ɗanɗanawa a hanya."

"Ashe kana ɗanɗanawa."

"Direba ne ni, Madam, ba waliyyi ba."

"Ka gaishe min da Baffa," in ji ta, "ka ce ina tambayar ƙafar tasa."

In an haɗu a suna ko walima, har ƙasa take durƙusawa ta gaishe shi. Hausarta ba ta kai Larabcinta ba, a Manfuha aka haife ta, amma gaisuwar manya ta iya ta tsaf. Nu'uman yakan juya ga na kusa da shi ya ce, "Kun ga tarbiyya. Yarinyar nan ba ta ɗauko taurin kan ubanta ba." Ita kuwa sai ta sunkuyar da kai, ta dinga kallon takalminsa har ya wuce.

A watan Rajab na shekarar da ta biyo, ta sa Ghali ya sauke ta a Suwaidi, a ƙofar mashgal ɗin Umm Nawwaf. Ƙofar ƙarfe ce mai ruwan toka, an shafe tagogin da fenti, an rubuta a sama cewa ba a yarda maza su shiga ba. Ciki kuwa wata duniya ce, sanyin na'ura da ƙamshin turaren wuta, mata sun tuɓe abaya sun rataye, 'yan Filifin da 'yan Indunusiya sun duƙufa a kan kekuna. Umm Nawwaf ita ce mai mashgal mafi girma a unguwar, mace mai jiki da tabarau a rataye a wuya, kuma tsohuwar mai ciniki da Musbahu. Ta rungume Rufaida, ta sa aka kawo gahawa da dabino, suka koma Larabci.

"Ya binti, ina babanki? Wallahi tun da ya tafi ban ƙara sayen ko allura a wurin Abu Zaid ba. Yanzu ma injuna huɗu nake so kafin azumi, ɗinkin Sallah ya fi ƙarfin tsofaffin nan. Na yi magana da wani ɗan Siriya."

"Ki saya a wurin Abu Zaid, Hala," in ji Rufaida. Haka take kiranta, wato inna.

Umm Nawwaf ta sa tabarau ta dube ta. "Bayan abin da suka yi muku?"

"Injunansu sun fi kyau, kuma firam ɗin Abba a wurinsu kaɗai yake. Sai dai ki kafa musu sharaɗi. Ki ce sai an kawo wadda za ta koya wa 'yan matanki, kamar da. In ba a kawo ba, su kwashe kayansu."

"Wa za su kawo in ba ke ba?"

Rufaida ta kurɓi gahawa. Ta ajiye ɗan kofin. "Ki dai faɗa musu haka."

Bayan kwana kaɗan Nu'uman ya zo gidansu da kansa, abin da bai taɓa yi ba. Ya zo da kwalin lemo, ya zauna ya bubbuɗe ƙafa a kujerar Ghali. Tun da ya hau kujerar Musbahu ciniki yake ja da baya, wannan ne babban cinikinsa na farko, kuma murna ta hana shi ɓoyewa.

"'Yata, Allah ya kawo mana alheri. Injuna huɗu, masu kai shida-shida. Matar nan ta Suwaidi ta ce sai an koya wa yaranta. Na ce mata wannan ai ba magana ba ce, 'yar gida muke da ita. Na ma gaya wa Abu Zaid ya kwantar da hankalinsa, ya yi oda."

"Kun kyauta, Baffa."

"Ba wani aiki ba ne. Ki ɗan shiga ki nuna musu inda ake dannawa, kamar yadda kike yi wa babanki. Za ki je ai?"

"Zan je, Baffa."

Ƙarya ta yi, kuma ta san ƙarya ta yi. Bai tambaye ta ko tana da lokaci ba, bai yi maganar ko za a ba ta wani abu ba. A wurinsa 'yar aboki 'ya ce, ba a roƙonta, aikenta ake yi. Shekara guda tana ciyar da wannan tunanin nasa da waina.

Injunan suka iso a tsakiyar Sha'aban. Ranar Juma'a da safe, mashgal ba kowa, maza suka shiga suka kafa su suka fita. Ranar Asabar Rufaida ta aika cewa kanta yana ciwo. Ranar Lahadi ta ce bai sake ta ba. Nu'uman ya aiko matarsa Khairat da magani da zuma, Rufaida ta karɓa ta yi godiya. Sai da ta tabbatar azumi ya matso, duk mashgal na garin sun cika da kayan Sallah, ba wata mace da ta iya aikin da za ta samu sukunin barin nata wurin, sannan ta daina ɗaga wayarsa gaba ɗaya.

Ya zo bayan La'asar, gumi ya jiƙa masa jallabiya. Ghali ya buɗe masa. Rufaida ta fito ta durƙusa kamar kullum.

"Sannu da zuwa, Baffa. Ya ƙafa?"

"Bar maganar ƙafa. Ga shi kin warke. Gobe da safe Ghali ya kai ki Suwaidi."

"Ba zan je ba, Baffa."

Ya ɗan yi dariya, ya dubi Ghali. Ghali yana kallon silin.

"Ban ji ba."

"Kun ji. Ba zan je ba gobe, ba zan je ba jibi."

"Ke da bakinki kika ce min za ki je."

"Na ce. Ku ma da bakinku kuka ce za ku ajiye wa Abba akwatinsa. Khairat ta ce min kun sayar da rabin kayan ciki a kasuwar gwanjo ta Haraj."

Sai Nu'uman ya sauya murya, ya sassauta. "Rufaida, ni fa ubanki ne. Ni na yanka ragon sunan ƙanwar mijinki. Abin da ya faru tsakanina da Musbahu maganar manya ce, ba ki san cikinta ba."

"Na san cikinta. Kun ce wa Abu Zaid gyara sata ne. To ni ma cikin gyaran nake, Baffa. Tun da sata ne, gara kada a ci gaba."

"Ghali, kana ji? Ba za ka yi wa matarka magana ba?"

"Ni Alhaji, aikina tuƙi," in ji Ghali. "In ta shiga mota in kai ta. In ba ta shiga ba, ba na ɗaukar mutum a kafaɗa, bayana ba shi da lafiya."

Bayan ya fita, Ghali ya rufe ƙofa ya jingina da ita. Ba ya dariya yanzu. "Wainar ke nan," ya ce. Rufaida ta shiga kicin ta kunna famfo, ta tsaya tana wanke kofin da babu abin da ya taɓa shi.

Abin da Nu'uman ya yi a kwanakin da suka biyo, daga baya ma'aikatan mashgal ɗin suka ba ta labari suna ƙyalƙyala dariya. Da farko ya zo da makanikin shago, suka tsaya a rana a bakin ƙofar ƙarfen, makanikin yana ta bayani ta waya ga wata 'yar Filifin da ke ciki, shi da guntun Larabcinsa, ita da nata. Zare ya yi ta tsinkewa, allurai suka yi ta karyewa. Ya roƙi a kwashe matan na yini ɗaya ya shiga da kansa, Umm Nawwaf ta ce a lokacin ɗinkin Sallah ko sarkin aljanu ba za ta rufe wa mashgal ba, kuma in an kwashe matan wa zai koya wa, bango? Da ya rasa yadda zai yi, sai ya tura Khairat, wadda ko keken ƙafa ba ta taɓa hawa ba, bayan ya kwana biyu yana nuna mata a shago. Khairat ta ɗaura abayar wata amarya a firam ba ta ja ta sosai ba. Injin ya tattare yadin ya ɗinke hannu da baya wuri guda, da zaren zinariya. Khairat ta fito tana kuka, niƙabinta ya jiƙe.

Washegari da azahar Umm Nawwaf ta ɗauko leburori daga bakin hanya, ta sa matan suka shige ɗakin baya, aka turo injunan huɗu waje. Aka jera su a gefen titi a Suwaidi, cikin ranar da take narkar da kwalta, zaruruwa ja da kore suna lilo a kansu. Masu wucewa suna rage gudu suna ɗaukar hoto da waya. Sunan shagon Abu Zaid yana manne a jikin kowanne da manyan haruffa.

Abu Zaid ya zo Manfuha a ranar, a farar motarsa da ta kusa toshe lungun. Tsoho ne siriri mai jan rawani, bai taɓa taka gidan ma'aikacinsa ba sai yau. Ghali ya zaunar da shi a falo. Rufaida ta tsaya a bayan labulen ƙofar kicin, ta gaishe shi da Larabcin Najadu irin na matan gidansa, har ya ɗan ɗaga kai.

"Ke ce 'yar Musbahu? Umm Nawwaf ta ce min duk injin da na sayar wa mata a garin nan, ke kika tayar da shi. Ni ban san da ke ba."

"Ba ku tambaya ba, ya Ammi."

Ya ja carbi. "Na tambaya yau. Na kira mata uku da suka sayi inji a wurina. Duk sun ce firam kyauta aka ba su." Ya dubi labulen. "Me ya sa bai gaya min ba?"

"Ya gaya muku. Kun ce ba mai hankalin da zai ba da ƙarfe kyauta."

"Halas. Abin da ya wuce ya wuce. Ki je ki tayar min da injunan nan kafin rana ta kashe su, ni kuma in fitar wa babanki sabuwar biza. Ya dawo kujerarsa. Nu'uman ya koma sito."

Ba ta zaci wannan ba. Ta ce a ba ta minti kaɗan, ta shiga ɗaki ta kira mahaifinta a Kaduna. Aka daɗe kafin a ɗauka. Tana jin ƙarar janareta da ƙarar inji a bayansa. Da ɗan abin da ya tafi da shi ya sayi tsohon inji mai kai biyu, yana yi wa makarantu bajo. Ta gaya masa komai a gurguje, rabi Hausa rabi Larabci.

"Ke kika sa aka fitar da injuna rana?" in ji Musbahu. "Inji ba ya son rana, Rufaida. Allon kwamfutar zai lalace."

"Abba, cewa ya yi ku dawo."

"In dawo in yi me? In sake zama ina jiran ranar da wani zai yi fushi ya ce in tattara? Nan in na rufe shago ba mai tambayata takarda. Ki gaya masa na gode." Ya yi tari. "Shi kuma Nu'uman ki bar shi da Allah. Yana da yara a makaranta. Kin ji ko?"

"Na ji, Abba."

Ta kashe wayar ta zauna a bakin gado. Ta tuna 'yan matan Khairat guda biyu, waɗanda su ma a nan aka haife su, ba su san Kaduna ba sai a hoto. Ta tuna Khairat da kwalbar zuma. Ta jira ko zuciyarta za ta yi sanyi. Abin da ya zo mata shi ne hannun mahaifinta ranar tafiya, yadda ya miƙa shi wajen koren akwatin sannan ya mayar da shi aljihu.

Ta koma bayan labule.

"Abba ya gode, ba zai dawo ba."

"To me kike so?"

"Takardar da kuka ba shi. Irinta nake so ku ba Nu'uman. In kun yi min alkawari, yanzu zan shiga mota."

Ghali ya juyo ya dubi labulen. Abu Zaid ya daina jan carbi.

"Sito bai isa ba?"

"Bai isa ba."

"Ku mutanen nan," in ji tsohon, "wancan ya zo ya ce in kori ɗan'uwansa, ke kin zo kin ce in kori baffanki. Ni kuma kullum ni ne mugu." Ya miƙe yana gyara rawani. "Bayan Sallah. Wallahi bayan Sallah zai tafi. Tashi mu je."

Kafin Magariba an mayar da injunan ciki. Ɗaya allonsa ya yi baƙi a gefe, sauran ba abin da ya same su. Rufaida ta yi azumin nan kusan duka a mashgal, daga safe har dare, tana zaune a kan ɗan benci kusa da ma'aikatan. A mako na biyu kawunan ashirin da huɗu suna sauka tare kamar ruwan sama a kan kwano, kuma kayan Sallah sun fita a kan lokaci, ban da abayar amarya.

Umm Nawwaf ba ta ƙara kawo mata gahawa ba, ko bayan an sha ruwa. Ranar da aka gama, ta kira ta ofis ta rufe ƙofa.

"Tun ranar da kika zo a Rajab kin san ba za ki zo ba."

"Na sani, Hala."

"Da ƙofata kika yi yaƙinki. Amaryar nan 'yar ƙawata ce, har yau uwarta ba ta yi min magana." Ta cire tabarau. "Aikinki yana da kyau, zan sake kiranki in na sayi inji. Amma kada ki ƙara ce min Hala."

Rufaida ta ce to. A mota Ghali ya tambaye ta me ya sa idonta ya yi ja, ta ce turaren wuta ne.

Nu'uman ya tafi a ƙarshen Shawwal. Ranar da suke haɗa kaya, Rufaida ta yi waina ta zuba a kula, wannan karon ta bi Ghali. Gidan a hargitse yake, jakunkuna ko'ina, 'yan matan suna zaune a kan katifar da aka naɗe. Khairat ta ga Rufaida, ta tashi ta shige ɗaki ta turo ƙofa. Nu'uman yana zaune a ƙasa yana ɗaure kwali da igiya. Ya rame, gemunsa ya yi fari a gefe.

Ta durƙusa. "Sannu da aiki, Baffa."

Ta ajiye kular a gabansa. Sikelin nan mai ƙugiya yana rataye a jikin ƙofa, ta miƙa hannu ta ɗauko shi. Ta rataya jaka ta farko ta ɗaga da hannu biyu, ta duba.

"Wannan ta yi nauyi, Baffa. Jirgi ba zai ɗauka ba."

"Rufaida," in ji Ghali a hankali daga bakin ƙofa.

Ta zuge jakar. A ƙarƙashin zannuwa da takalman yara ta ga abin da ya sa ta nauyi, koren akwatin ƙarfe, an naɗe shi da tawul. Ta ciro shi ta buɗe. Rabin gurabensa ba komai, amma ƙaramar gudumar tana nan, da sukundireba mai jan hannu wanda tafin mahaifinta ya cinye fentinsa. Ta rufe, ta rungume shi a ƙirji, ta sake rataya jakar a sikeli.

"Yanzu ta yi daidai," ta ce.

Nu'uman ya ɗago ya dube ta, sannan ya dubi akwatin. Sai ya koma ya ci gaba da ɗaure kwalinsa. Rufaida ta mayar da sikelin jikin ƙofa, ta ce Allah ya kiyaye hanya, ta fita. Akwatin ya fi yadda take zato nauyi, amma da Ghali ya miƙo hannu zai karɓa a matakala, ta ƙi ba shi.